Nisan da Ke Tsakaninmu da Gwanki

Mu mutanen Gyadi-Gyadi da Tarauni ba mu da daji, amma muna da mafarauta. Daga shataletalen Dangi zuwa Unguwa Uku, daga Court Road zuwa Hotoro, babu wani sarari da ya rage wanda zomo zai laɓe a ciki ya kwana lafiya. Tun a ƙidayar 2006 an ce mun haura mutum 220,000 a ƙaramar hukumar da faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 28 ba, yanzu kuwa sai abin da Allah Ya sani. Duk da haka ba ka rasa gidan da aka ɗaure karnuka masu lafaffen ciki da dogayen ƙafafu, ana ciyar da su shekara guda cur saboda aikin wata uku ko huɗu. Da an gama kaka, hunturu ya fara fasa leɓe, sai ka ji gangi da ƙaho kafin assalatu. A cika motoci da mutane da karnuka da gora da barandami, wasu su ɗauki titin Zariya, wasu titin Maiduguri. Mu da ba ma zuwa, namu shi ne leƙowa ta ƙofa, da tambayar da muke yi musu in sun dawo: me aka samo?

A 'yan shekarun nan wata farautar ta shigo mana ta waya. A teburin mai shayi, a majalisar ƙofar gida, har a layin jira na asibitin Malam, za ka ga samari sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon Ba'amurke kwance rub da ciki a kan dusar ƙanƙara. Can a tsaunukan Roki ne, a jihohi irin su Kolorado da Montana da Wayomin, wajen watan Nuwamba zuwa Disamba, ƙarshen lokacin farautarsu. Abin da yake bara wata dabba ce dangin barewa da suke kira elk, mai ƙaho kamar rassan busasshiyar bishiya, wadda namijinta kan haura kilo 300. In za mu nema mata sa'a a dajinmu, to gwanki ne. Dabbar tana can a wani gefen tsaunin, kwari ya raba su, da ido kawai ba za ka ce ga ta ba. Mutumin ya danna wata 'yar na'ura ta faɗa masa nisa, ya murɗa madubin da ke kan bindigarsa, ya ɗauke numfashi, ya ja kunama. Sai an ɗan jima kaɗan ka ga dabbar ta durƙushe. Samarinmu su yi kabbara, wani ya ce ai da wannan bindigar a hannunsa da an daina dawowa gida da gafiya.

Abin ya fi yadda yake a ido wuya. Harsashin irin waɗannan bindigogi yana fita da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa ɗaya, amma tun daga bakin bindiga ƙasa take janyo shi, iska kuma tana rage masa ƙarfi. Kafin ya ci mita 600 ya yi kusan daƙiƙa guda a sama, ya kuma sauka ƙasa da fiye da mita 2 daga inda aka nufa, wato ya fi tsayin mutum. Shi ya sa maharbin yake murɗa madubi, don bakin bindigar ya kalli sama da dabbar. Iska mai gudun kilomita 16 a awa, wadda a nan ko hular kanmu ba za ta cire ba, in ta bugo daga gefe tana iya kauce da harsashin fiye da rabin mita. A cikin kwari kuwa iskar da ke kaɗawa wajen maharbi daban, wadda ke tsakiya daban, wadda ke wajen dabbar daban. Ga tsayin tsauni da ke sa iska ta yi shara-shara har harsashi ya ƙara nisa, ga sanyi da ke rage wa albarushi kuzari, ga yatsu sun ƙage. Wurin da ake so a samu, zuciya da huhu, bai fi faɗin faifai ba. In dabbar ta ɗaga ƙafa ta yi taku ɗaya a cikin wannan daƙiƙar, harsashin da aka nufi huhu da shi sai ya faɗa tumbi. Irin wannan harbin ba a cika ɗora shi a intanet ba.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya yi ƙuruciyarsa yana harbi a dazukan kudancin Kano. Shi ba ya yarda a kira shi mafarauci. A wurinsa farauta ta taron jama'a ce da karnuka da kuwwa, a tayar da nama a bi shi da gudu. Maharbi kuwa shi kaɗai yake shiga daji, daga shi sai baka da kwari ko bindigar toka, ya kwana a kan reshe, ya san mashayar kowace dabba. Da samari suka nuna masa hoton, ya kalla har sau biyu, sannan ya mayar da wayar.

"Baba, ya ka gani?"

"Ya iya harbi, 'ya'yan nan. Amma ku tambayar mini shi, naman ya san da zuwansa?"

"Ina zai sani, Baba, ai nisan ya yi yawa."

"To da wa ya yi dabara?"

Wannan tambayar ita ce sana'arsa gaba ɗaya. Bindigar toka, wadda muke kira harbi-ka-ruga, ta baki ake ɗura ta: albarushi, tsumma, guntayen ƙarfe, a danna da sanda. Harbi ɗaya gare ta, kuma ba ta da tabbas in an wuce 'yan taku kaɗan. Kibiya ma haka. Saboda haka duk ilimin maharbin ƙasar Hausa ya taru a kan abu ɗaya, yadda zai matsa kusa. Ya ɗebi ƙura ya saki don ya ga inda iska ta nufa, ya zagaya ta ƙasanta kada ƙamshinsa ya riga shi isa. Ya karanta sawu ya san na jiya ne ko na ɗazu, ya murza kashi ya san ko akwai sauran ɗumi. Sannan ga burtu. Maharbi ya ɗaura kan tsuntsun nan a goshinsa, ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa yana rarrafe yana gyaɗa kai kamar mai kiwo a cikin ciyawa, dabbobin da suka saba ganin burtu a kusa da su ba za su razana ba. Da gwiwa da tafin hannu, a kan ƙaya da ƙarangiya, zai cinye nisan da Ba'amurken ya bar wa harsashi. Ba banza ba ake yi wa gwanki kirari da sha-bara. Sau nawa za a bara shi ya shaƙi iska ya yi gaba.

Wanda ya matsa kusa haka yana ganin abin da na nesa ba lallai ya gani ba. Zai ga mace ce ko namiji, zai ga mai ciki ce ko mai shayarwa. In ya harba bai kashe ba, jinin yana gabansa, zai bi. Ko a can Amurka wannan magana ta raba kan maharba. Wata tsohuwar ƙungiyarsu mai suna Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887 kafin ya zama shugaban ƙasa, ta fito ta nuna damuwa cewa in nisa ya kai inda dabba ba za ta iya gani ko ji ko shaƙar mai bararta ba, an fita daga farauta an shiga gwajin bindiga. Mu ma malamanmu na Malikiyya sun daɗe da tsayar da iyaka. Sun karhanta farautar da aka yi don wasa kawai, sun halatta wadda aka yi don buƙata. Sun kuma ce dabbar da ka harba ta ɓace maka har ta kwana ba ka same ta ba, a bar cinta. Wanda ya harba daga wannan gefen tsauni zuwa wancan dab da magariba, alhali tsallake kwarin zai ci masa awa biyu a cikin ƙanƙara, ya jefa kansa a wannan hukuncin tun kafin ya ja kunama.

Da a nan maganar ta tsaya, da mun tashi daga majalisa muna jin daɗi, mun ce kakanninmu sun fi. Sai dai akwai abin da muke tsallakewa in muna kallon hoton nan. Idonmu yana kan bindiga, ba ma lura da abin da ke ɗaya gefen kwarin: garke ne, wani lokaci ɗaruruwa, suna tona ƙanƙara suna cin ciyawa. Shi Ba'amurken yana da abin da zai harba. Mu fa, wa ya taɓa ganin gwanki a daji a cikin samarin da ke riƙe da wayar?

Garin nan maharba ne suka fara zama a cikinsa. Tarihin Kano ya ambaci Barbushe na Dutsen Dala a matsayin ƙaƙƙarfan mafarauci mai kashe giwa da sanda ya saɓo ta zuwa gida. Ko da an yi wa labarin gishiri, ya nuna akwai giwa a inda mutum zai je ya dawo da ƙafa. Iyayenmu ba su ga giwa ba, amma suna ba mu labarin lokacin da bayan Gyadi-Gyadi gonaki ne, Darmanawa da Hotoro ƙauyuka, yara suna tayar da zomo da makwarwa a inda yanzu aka yi rukunin gidaje. Mu muka tarar da gafiya da kurege. 'Ya'yanmu kuwa in suna son ganin naman daji, sai ranar yawon Sallah mu biya musu kuɗin ƙofa a Gidan Zoo, wanda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, su leƙa ta bayan waya. Tsakanin gidajenmu da wannan keji tafiyar ƙafa ce. Tsakaninmu da dabbar da ke yawo da 'yancinta kuwa, kowace shekara nisan ƙaruwa yake.

Dajin da ya fi kusa da mu mai sunan daji shi ne Falgore, kimanin kilomita 150 a kan hanyar Jos, inda ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila suka haɗu, ƙasar ta fara tashi zuwa duwatsun Riruwai. Can ne namu tsaunin, can ne namu sanyin, wanda ya kwana a wajen a watan Janairu ya san hunturun cikin birni wasa ne. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi, daga baya aka mai da shi gandun namun daji. Amma a shekarun baya sunan Falgore ya fi fitowa a labarin ɓarayin shanu da masu tare hanya, har sojoji suka mai da shi wurin atisaye. Bayan shi sai Yankari a Bauchi, inda ragowar giwayenmu suke, a nan ma farauta haramun ce. Sai Gashaka-Gumti a Taraba da Adamawa, inda tsaunin da ya fi kowane tsayi a Nijeriya yake, Chappal Waddi, mai mita 2,419. Duk inda naman ya rage, ko doka ta kewaye shi ko 'yan bindiga sun riga kowa shiga. Saboda haka mafarautan Kano suka yi ta gaba, har suka dangana da kurmin kudu, fiye da kilomita 1,000 daga gida.

Mun ga kuɗin wannan nisan a ƙarshen watan Maris na 2025. Ana saura 'yan kwanaki Ƙaramar Sallah, wasu mafarauta suka taso daga jihar Ribas a bayan babbar mota za su zo gida. A Uromi ta jihar Edo 'yan sintiri suka tare su, aka ga bindigogin toka, aka ce masu garkuwa da mutane ne. Aka kashe mutum 16, aka cinna musu wuta. Da dama daga cikinsu 'yan Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure, nan kusa da mu. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo Kano ta'aziyya. Mun yi fushi, mun yi addu'a, mun nemi a hukunta waɗanda suka yi, kuma har gobe muna nema. Allah Ya jiƙansu. Amma akwai tambayar da zafin abin ya hana mu yi a lokacin: me ya kai ɗan Bunkure farauta Ribas? Bindigar da a ƙauyensu kowa ya san ta kayan sana'a ce, dokar makamai ta ƙasa ma ta ware mata irin nata lasisi, a garin da ba a san shi ba ta zama shaidar da aka kashe shi da ita. Da akwai nama a dajin gida, da wasunsu a gida azumi zai same su.

Su ma Amurkawan sun taɓa kaiwa inda muka kai. An ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa elk ɗin nan sun kai miliyan 10 a nahiyar. Zuwa farkon ƙarni na 20 masu harbi don sayar da nama da fata da haƙori sun mai da su ƙasa da 100,000. Yau sun koma wajen miliyan 1, kuma hanyar da aka bi ba ɓoyayya ba ce. Aka hana cinikin naman daji, dokar Lacey ta 1900 ta hana a tsallaka da haramtaccen nama daga jiha zuwa jiha. A 1937 aka yi dokar Pittman-Robertson, wadda ta sa harajin da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsasai, kashi 11 cikin 100 a yau, ya tafi kai tsaye ga kula da namun daji. Aka ɗebo dabbobi daga gandun Yellowstone aka mayar wuraren da suka ƙare. Mutumin da muke kallo kwance a ƙanƙara yana da takarda a aljihu da ta faɗi yankin da zai shiga, da kwanakin da aka ba shi, da ko namiji zai harba ko mace, kuma yawanci ɗaya tak. A wasu yankunan sai ya shekara da shekaru yana shiga ƙuri'a kafin ta faɗo kansa. In ya kashe, doka ta tilasta masa kwashe naman, kusan kilo 100, ko da a bayansa zai yi ta sawu yana saukowa da shi. Wannan ɓangaren ba ya burge kowa a waya, alhali shi ne ya ajiye garken a gefen tsaunin.

Mu ma ba a rasa tsari ba tun asali. Akwai Sarkin Baka, akwai Sarkin Dawa, ba a shiga dajin wani gari sai da saninsu. Farauta aikin rani ce, da damina ta faɗi kowa ya koma gona, ciyawa ta rufe daji, namun su sami sararin haihuwa da reno. Ƙafa ita ce mota, ita ke yanke wa mutum iyakar inda zai je da yawan abin da zai ɗauko. Yanzu mota ta cire wannan iyakar, fitilar goshi ta cire ta dare, ashana ta cire ta ciyawa. A cinna wa daji wuta don a fito da zomo ɗaya, a ƙone ƙwan zabi da 'ya'yan gada da ba su iya gudu ba. Gona da gawayi da gini kuma sun ci abin da wuta ta bari, kuma waɗannan mu ne, ba mafarauta ba. Buhun gawayin da ke madafarmu wata bishiya ce da gada ta taɓa laɓewa a gindinta. Da nama ya ƙare, sai kuzarin samari ya rasa inda zai sauka. Kalmar daba da muke tsoro a yau, asalinta wurin zaman mafarauta ne. Mun sha ganin ayarin da ya fita neman zomo ya dawo yana neman 'yan wata unguwa, saboda kare ɗaya ko rabon nama ɗaya.

Ba ma cikin masu cewa a soke farauta a huta. Mutanen nan sun san daji sanin da ba a koyarwa a aji. A 2014, da aka sace 'yan matan Chibok, mafarauta ne suka taru a Maiduguri suna neman a bar su su shiga nema, a ƙarshen shekarar kuma da su aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. Ƙasar da ta tuna da su ranar tsoro bai kamata ta mance da su ranar rabon aiki ba. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta sanar da sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10, Falgore na ciki. In da gaske ake, babu wanda ya fi cancanta da gadin wannan daji kamar mai iya bambance sawun jiya da na ɗazu. A Gashaka-Gumti an gwada ɗaukar 'yan ƙauyukan da ke kewaye aikin gadi. Abin da muke roƙo ba ya fi ƙarfin hukuma da masarauta: a san ranar buɗe farauta da ranar rufewa, a yi wa kowane ayari rajista a hannun sarkinsa da katin da ɗan sintirin Edo zai iya karantawa, a bar mace da ƙanana, a hukunta mai cinna wuta, a keɓe tsakiyar daji shekaru ba a taɓa shi don abin da ya yi saura ya hayayyafa ya bazu zuwa gefe. Mu kuma na gida, in ayari ya dawo, mu rage yi wa wanda ya dawo da jaka ba nauyi dariya, don dariyarmu tana cikin abin da ke sa a kashe duk abin da ya motsa.

Dattijon nan har yanzu kan burtunsa yana rataye a zaure, ƙura ta rufe shi, jikokinsa sun ɗauka kayan wasan tashe ne. Ba ya iya durƙuso yanzu, amma bakinsa da sauran bayani, kuma irinsa ba su fi a ƙirga ba tsakanin Tarauni da Unguwa Uku. Gwanki dabba ce mai ɗaukar ciki wata tara ta haifi ɗa ɗaya, saboda haka ko yau aka fara, sai an yi haƙurin shekaru kafin garke ya taru a Falgore. Mai yiwuwa shi ba zai gani ba. Amma daga Dangi zuwa can tafiyar safiya ɗaya ce, yaro zai iya zuwa ya ga gwanki da idonsa, ya gwada matsawa kusa har ya ji numfashinsa, ya dawo ya yi sallar magariba a masallacin unguwarsu.